Filtar da Ta Toshe Ba Ta Yi Laifi Ba

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a garejin manyan motoci, tun ina yaro ina kai wa kawuna abincin rana a wurin aikinsa, kuma har yau ba ta tsufa ba. Cewa ake yi filtar gas mai kyau ita ce wadda take daɗewa ba ta toshe ba. Wadda kuwa ta toshe bayan tafiya biyu ko uku, wannan ta cika matsi, tana shaƙe inji, tana hana shi shan gas yadda yake so. Daga wannan magana sauran dabaru suka fito. Wani ya sa sukudireba ya huda takardar da ke cikin filta. Wani ya cire filta ta biyu ɗungurungum, ya haɗa tiyo da tiyo. Wani ya nemo mai manyan ƙofofi ya ɗaura a madadin ta kamfani. Mai tattali kuma ya kwance tsohuwar, ya wanke ta da fetur, ya kai wa mai faci ya hure ta da iska, ya mayar.

Ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalili. Amma kafin nan dole in ba masu ita haƙƙinsu, don ba 'yan koyo ba ne suka ƙirƙiro ta. Mutane ne da suka shekara talatin ko arba'in a ƙarƙashin mota, waɗanda suke gane ciwon inji da kunne tun kafin a ɗaga kai. Ni alƙalami nake riƙewa, lissafin motocin gidanmu nake yi, ban taɓa sauke famfo da hannuna ba. Abin da na sani shi ne abin da rasit yake nuna mini a ƙarshen shekara, da abin da na karanta, da abin da na gani da idona ranar da aka tsaga wata filta a gabana.

Maganar tana da asali, kuma asalin nata gaskiya ne. Motocin da suka raini iyayenmu kanikawa su ne irin su Marsandi 911, wadda aka riƙa haɗawa a Inugu tun farkon shekarun 1980, da Sitiya ta Bauchi, da Fiyat ta Kano. Injin 911, wato OM352 mai silinda shida da ya fito a 1964, jaki ne wajen haƙuri. Famfonsa na ƙarfe ne zalla, babu waya babu kwamfuta, nozul ɗinsa yana buɗewa idan matsin gas ya kai kimanin bar 200. A jikin ɗan famfon hannu akwai ƙaramin kofin gilashi mai raga, a kwance shi a wanke a mayar. Wasu filtocin wancan zamani ma cikinsu wani abu ne mai kama da bargon ulu da aka danne, wanda shi kansa kamfani ya yarda a wanke shi. Don haka bakaniken da ya ce maka a da wanke filta ake yi, bai yi ƙarya ba. Wanda ya ce ya taɓa huda filta a daji ya kawo lodi gida lafiya, shi ma bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce injin ya canza, maganar ba ta canza ba.

A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wani sabon tsarin feshin gas a motar Hino, bayan shekara biyu kuma Bosch na Jamus ya fito da nasa a ƙananan motoci. Shi ne abin da kanikawa ke kira kwaman-rel: bututu ɗaya mai kauri da ake tara gas a cikinsa da matsi mai tsanani, injektoci suna ɗiba daga ciki bisa umarnin kwamfuta. Na farko-farko suna kaiwa bar 1,350. Injin DAF MX-13 da ya fito da wannan tsari a 2013 yana kaiwa bar 2,500. Don a gane girman abin, tayar tirela da aka cika ta yi tauri kamar dutse iskar cikinta ba ta wuce kimanin bar 8 ba. Ke nan gas ɗin da ke cikin wancan bututu ya ninka matsin taya wajen sau ɗari uku. Ko motocin DAF da Actros na tsakanin zamanin biyu, waɗanda kowace silinda take da ɗan famfonta, matsinsu ya haura bar 1,000 nesa ba kusa ba. Irin waɗannan motoci su ne suke shigo mana yanzu daga Turai a matsayin na hannu, sababbin na Sin ma da yawansu sun koma wannan tsari.

Ba a riƙe irin wannan matsi sai ƙarfe ya zauna cikin ƙarfe babu wata tazarar kirki. Ana auna tazarar da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne. Ido ba ya iya ganin abin da ya gaza kimanin 40. Tazarar da ke tsakanin allurar injekta da gidanta kuwa 'yan maikiron ƙalilan ce, ba ta kai yawan yatsun hannu ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kai, har ni ma sai da na daɗe kafin ya zauna mini: gas ɗin da ka ɗaga a kwalba ka haska a rana ka ga garau, yana iya zama cike da abin da zai cinye injekta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, balle wanda ba ka ma gan shi ba. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen tauri a wurare da dama, kuma idan matsin bar dubu biyu ya tura ta cikin wannan 'yar tazara, aikin sanfefa take yi, sau dubbai a kowane minti.

To daga ina dattin yake zuwa? Mutane sun fi ɗora laifin a kan 'yan bumburutu da jarkokinsu, da gas ɗin da ake dafawa a dazukan Neja Delta, kuma akwai gaskiya a ciki, musamman tun 2022 da litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen 800 cikin shekara guda, kowa ya shiga neman mai sauƙi. Amma ko gas ɗin da ya cika ƙa'idar Turai ba tsarkakakke ba ne. Ƙa'idarsu da ake kira EN 590 ta yarda da datti har miligiram 24 da ruwa har miligiram 200 a kowane kilo na gas. Mu yi lissafin ɗan kasuwa. A ce tirela ta sha lita 400 daga Legas zuwa Kano. Nauyin wannan ya kai kilo 330 da ɗoriya. Idan gas ɗin yana bakin iyakar abin da ƙa'ida ta yarda, to giram 8 na datti ya bi ta cikin filta a zuwa ɗaya kawai, ban da dawowa. A tara na shekara a gani. Wannan kuma da gas irin na Turai ke nan, inda ba a juye gas daga duro zuwa bokiti zuwa mazurarin da ya kwana a ƙasa.

Sannan akwai ƙofar da ba a cika lura da ita ba. Duk litar gas da ta fita daga tanki, litar iska ce take shiga ta maye gurbinta ta ɗan hancin numfashin tanki. Lita 400 ta gas, lita 400 ta iska. A watan Janairu, lokacin da hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ya rufe sararin Arewa, kowa ya san abin da ke cikin wannan iska, don yana goge shi a gilashin mota kowace safiya. Da damina kuma iskar danshi take ɗauke da shi, dare ya yi sanyi ya zama raɓa a bangon tanki, ya gangara ƙasa tunda ruwa ya fi gas nauyi. A inda ruwan ya haɗu da gas ne wasu ƙwayoyin halitta suke yaɗuwa, su haifar da wata baƙar laka mai yauƙi da wari. Ƙasan tanki ya yi tsatsa. Mota ta shiga gargada, komai ya motsu ya nufi filta.

Ranar da na ce an tsaga filta a gabana, wannan lakar na gani. Wata motarmu ce ta cinye filta uku a wata guda, direba ya rantse cewa filtocin ne marasa kyau, ya nemi izini a sa masa mai manyan ƙofofi kamar yadda abokansa suka yi. Kawuna, wanda yanzu tsufa ya sa sai dai ya zauna a benci yana ba da umarni, ya sa yaro ya kawo zarto. Aka yanka gwangwanin, aka warware takardar. Ta yi baƙi ƙirin, tana naso, kana shafawa ka ji tsakuwa-tsakuwa a yatsa. Na tambayi direban, “Malam, wannan da ke hannunka, da filtar ba ta riƙe shi ba, ina zai tafi?” Ya yi shiru. Aka sauke tanki aka wanke, aka fitar da abin da ya kusa cika bokitin fenti na ruwa da laka. Filta ta huɗu ta yi watanni. Iri ɗaya ce da ukun da aka zaga. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: ai mun huda, kuma mota ta tashi, ta ma fi ja. Haka ne, za ta fi ja, a ranar. Filtar da ta toshe tana hana gas wucewa, mota ta riƙa sanyi a hawa, ka taka totur ta ƙi amsawa. Ka buɗe mata hanya, ƙarfi ya dawo nan take, kuma ido ya shaida. Ɓarnar ce ba ta zuwa nan take. Sai bayan wata uku ko shida za a fara ganin mota tana wuyar tashi da safe, silo yana rawa, salansa tana baƙin hayaƙi, shan gas ya ƙaru. Injekta da ta sassauce tana mayar da gas da yawa tanki maimakon ta fesa shi, ko ta riƙa ɗiga maimakon feshi, ɗigar kuma tana iya ƙona kan fistin. A lokacin an manta da sukudireban da aka sa a Tafa ko Mararrabar Jos. Sai a ce ai motocin zamani ba su da ƙwari, ko a ce mai gyaran famfo ne bai iya ba. Nisan da ke tsakanin laifi da sakamakonsa shi ya sa maganar ta rayu har yau. Da injekta tana mutuwa a ranar da aka huda filta, da tuni kowa ya daina.

Wanki ma haka. Takardar filta ba rariya ba ce da datti ke tsayawa a samanta kawai. Zaruruwa ne a cuɗe, dattin yana shiga ya maƙale a tsakiyarsu. Fetur ba ya fitar da shi, iskar mai faci kuwa yaga zaruruwan take yi, ta bar ƙofofin da ido ba ya gani. Sau da yawa ma wankin ne yake kwashe dattin daga gefen da yake tsare ya kai shi gefen da ke kallon inji. Filtar ta fito fes a ido, amma ta zama gwangwani kawai.

Ba ina cewa kada a taɓa tsarin da kamfani ya yi ba. A nan ma na rabu da wasu 'yan boko da ke ganin duk wani gyaran bakanike ɓarna ne. Motar da aka ƙera don hanyoyin Holan da gidajen man Holan, idan ta zo tana shan gas ɗinmu da ƙurarmu, tana bukatar a taimaka mata. Sai dai taimakon ƙari ne a gaba, ba ragi ba. A Amurka masu manyan a-kori-kura na gas sun daɗe da wannan al'ada: suna ɗaura ƙarin filta irin ta Caterpillar mai lamba 1R-0750, ko famfon tura gas na FASS ko AirDog mai haɗe da filta biyu. Su da gas ɗinsu ya fi namu tsabta ƙarawa suke yi.

Abin da ya dace da mu ba shi da wani sirri. A sa filta mai raba ruwa tsakanin tanki da famfon da ke jan gas, irin ta Racor ko makamanciyarta, mai maikiron 30 ko 10, mai kofi a ƙasa da ake ganin ciki, da ɗan famfon zubarwa. Ita za ta tare ruwa da laka da manyan tsakuwa, ta bar wa filtar kamfani mai maikiron 5 ko ƙasa da haka aikin da aka yi ta dominsa. Yaron mota ya tsiyaye ruwan kofin kowace safiya, kamar yadda yake duba ruwan lagireto. Sai a kula girmanta ya dace da injin, domin gas ɗin da ke bi ta filta ya fi wanda inji yake ƙonawa yawa, ragowar komawa tanki yake yi ya sake zagayowa. A sa wa hancin numfashin tanki 'yar filta. Wanda ya samu hali ya ƙara agogon da ke nuna yadda famfo yake wahalar ja, don a canza filta lokacin da ta nemi canji, ba lokacin da mota ta mutu a hawan Riyom ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, yawanci matasan da suka kalli bidiyo biyu a waya. Sun ji cewa maikiron 2 ya fi 30 tacewa, sai su ɗaura mai maikiron 2 a farko, daf da tanki. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. A wannan gefen jan gas ake yi, ba turawa ba. Filta mai matsi sosai za ta toshe da wuri, famfo ya riƙa ja da ƙyar, ya tsotso iska ta kowace mahaɗa mai rauni, gas ya riƙa kumfa. Babban famfon kuwa da gas ɗin kansa yake samun santsi da sanyi, idan ya ji yunwa ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Ana ganin irin wannan ɓarna a famfon Bosch CP4, wanda a 2021 aka janye motocin Ram fiye da dubu 200 a Amurka saboda shi: idan ya fara niƙa kansa, garin ƙarfen yana bin bututu da injektoci har ya koma tanki, sai an wanke ko an canza kusan komai. A wannan gaɓar, iyayenmu masu cewa inji yana son hanya suna da gaskiya ɗari bisa ɗari. Hanyar ce ake samarwa da faɗin filta da jeranta, babba a gaba, mai laushi a baya. Lambar da aka buga a kwali ma ba a gama dogara da ita ba. Filta biyu suna iya ɗauke da lamba ɗaya, ɗaya tana tare kusan duk ƙwayoyin wannan girman, ɗayar tana sakin rabinsu. Jabu kuwa ba a magana, fenti da kwali sak na asali, ciki takarda 'yar kaɗan da gam da ke saki. Ita ce ma ta fi kowace filta daɗewa ba ta toshe ba, kuma ina zargin ita ta ƙara wa maganar da nake raddi a kanta ƙarfi.

Wani ƙaramin abu da nake gani kullum yana ci mini rai. An sayo sabuwar filta ta asali da tsada, sai yaro ya ɗebo gas a tsohuwar robar ruwa ya ɗura ta babbar ƙofar tsakiya don a huta da cire iska. A yawancin filtocin da ake murzawa, ƙofar tsakiya ita ce mafita, ita ke kallon inji. Duk abin da aka zuba ta nan ya tsallake takarda. Ga famfon hannu nan a jikin mota, minti biyar ne. Kuma a motar kwaman-rel kada a sassauta bututun injekta don cire iska kamar yadda ake yi wa 911, kada kuma a lalubi yoyo da yatsa inji yana aiki, domin feshin yana huda fata.

Dole kuma in faɗi iyakar filta, don kada a ce na mai da ita maganin komai. Abin da ya narke cikin gas ba ta ganinsa. Kananzir ɗin da aka yi algus da shi, musamman a zamanin da ya fi gas araha, wucewa yake yi salin-alin ya je ya rage santsin famfo. Haka ma filta ba ta tare sinadarin salfa, wanda ƙasashen ECOWAS suka amince a 2020 kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Wannan aikin matata ne da hukuma, da kuma sanin inda mutum yake shan mai.

Saura tambaya ɗaya da ta fi duk sauran nauyi, kuma kawuna ne ya jefo mini ita. Ya ce, “Kai ɗan nan, kana zaune a ofis kana lissafi. Ƙarfe biyun dare, tsakanin Birnin Gwari da Tegina, mota ta shaƙe, ga tumatir a baya. Filta za ka tsaya girmamawa ko ranka?” Na ce, “Kawu, wallahi ni ma hudawa zan yi.” Babu injektar da ta kai ran mutum, kuma ba zan zargi direban da ya yi haka ba. Abin da nake roƙo shi ne idan ya iso gari ya faɗa, a canza a ranar, kada dabarar dare ɗaya ta zama tsarin mota. Sannan mu masu motoci mu dubi kanmu. Direba yana huda filta ne don babu wata a akwatinsa, kuma babu wata a akwatinsa ne don mun saba cire kuɗinta daga kuɗin hanyarsa, ko mu tsare shi da tambayoyi kamar ya sata. Na taɓa yin haka, ba sau ɗaya ba. Injekta shida da na biya daga baya sun sayi filtar shekaru.

Yanzu kowace motarmu tana tashi da filta biyu-biyu a bayan kujera, da sifanar kwance su, da kuɗinsu a kan ofis. Sharaɗi ɗaya ne: a dawo mini da tsohuwar. Yaran gareji sun san aikin, su kawo zarto mu tsaga. Idan baƙar laka ce, tanki za a sauke. Idan jar ƙasa ce, a duba murfi da hancin numfashi. Idan ruwa ne ya yi yawa, in tambayi direba inda ya sha mai. Idan kuwa aka ga wani abu yana ƙyalli kamar garin azurfa, motar ba za ta sake fita ba sai mai famfo ya zo.

Kawu har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Yana nan a kan cewa motar da ba za ta iya haɗiye ɗan datti ba, ba motar Arewa ba ce, kuma 911 ɗinsa da ke fake a bayan gareji za ta binne su duka. Wataƙila ma ta binne su. Amma makon jiya na same shi ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar wata filta a kan gwiwa, yana murza dattin tsakanin yatsu yana kai wa hanci, yana ce wa yaro ya kira direban ya zo ya faɗa masa a wane gari ya sha wannan.